Marka a Watan Sanyi

A wani ƙauye arewa da Tasawa akwai wata yarinya da ake kira Marka. Duk Bahaushe ya san Marka sunan 'yar tsakiyar damina ne, wadda ta faɗo duniya ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, gero ya kai kafaɗa. Amma wannan Markar a tsakiyar sanyi aka haife ta, an gama girbi tuni, rumbuna sun cika, sama ba ko ɗigo. Baƙi sukan tambaya ko kuskure aka yi. Ba a yi kuskure wurin sa sunan ba. Kuskuren can nesa aka yi shi, a bayan birnin Riyad, kuma kakanta Laouali ne ya yi shi.

Laouali ya tashi a zamanin da keke ke da daraja. A lokacin, in mutum ya sayi sabo, sai ya naɗe sandarsa da roba mai launi, ya rataya tuntu a hannuwansa, ya goge ƙararrawa da toka har ta riƙa ɗaukar ido. Ba a barin keke a rana, kuma ba a ba kowa aronsa sai amini. Na farko da Laouali ya taɓa gani na wani malamin asibiti ne mai zaga ƙauyuka yana yi wa yara lamba. Yara suka watse don tsoro, shi kuwa ya tsaya, ya miƙa dantse, idonsa na kan kaca. Tabon yana nan har yau, son keken ma haka.

Da ya zama saurayi sai ya kama koli. Ya ɗaure akwatin katako a bayan keke, ya cika shi da allura da zare, madubi, kwalli, sabulu da turare, yana cin kasuwannin ƙauye, yau nan gobe can. A wannan yawon ya koyi yadda ake taka feda a hankali yini guda ba tare da gwiwa ta yi ƙorafi ba. Ya kuma koyi karatun sama, don mai keke da manomi malaminsu ɗaya. A ƙasarsu hadari gabas yake haɗuwa. In gabas ta yi baƙi, nemi rumfa ka rufe kayanka. In kuwa baƙin yana yamma, to ya riga ya tsallake ka, ruwan wasu ne, ci gaba da tafiyarka. Wannan karatu bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai babura suka shigo. 'Ya'yan matan da ya saba sayar wa kwalli suka riƙa wuce shi a hanya da kaya ninkin nasa, su ci kasuwa su juyo shi bai isa ba. Ya jure iyakar jurewa, sa'an nan ya rabu da keken, ya bar matarsa Delou da yara, ya bi jirgi zuwa ƙasar Larabawa. Allah ya haɗa shi da kafili mai mutunci, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa, ya sami iƙama, takardar izinin zama, ya zama mai gadin wani gidan bene a unguwar Al-Badi'a. Ɗakinsa na ƙarƙashin matakala. Yana share haraba, yana wanke motoci, yana kai wa masu haya tukunyar gas da gorar ruwa.

Bai daɗe ba ya tafi kasuwar gwanjo, ya zaɓo wani baƙin keke mai sanda biyu, irin na da, mai nauyi kamar ɗan maraƙi. Ya kwance shi gaba ɗaya a tsakar gida, ya wanke da kananzir, ya mayar da kowane ƙarfe gurbinsa, ya raɗa masa suna Goɗiya. Ran Juma'a, in 'yan'uwa sun taru a unguwar Al-Suwaidi ana shan shayi ana labarin gida, shi sai ya haye Goɗiya ya bar gari, ya je ya ga gonakin dabino, ya shaƙi warin taki, ya dawo da la'asar fuskarsa a sake.

Direban gidan da ke kallon nasu wani Bakano ne mai suna Ghali, wanda ba ya ganin Laouali bai tsokane shi ba.

"Baba Laouali," in ji shi, "ƙasar da fetur ya fi ruwan sha araha, kai kaɗai ka zo kana ƙona gwiwa."

"Gwiwata ba ta taɓa bin layi a gidan mai ba."

"Wallahi ran da za ka koma gida, ita za a ba kujera a jirgi, kai a sa ka cikin kaya."

"Ta cancanta. Ta fi ka ladabi, ban taɓa jin ta yi wa babba hon ba."

Akwai abu guda da ya tsaya wa Laouali a rai tun farkon zuwansa. Ya baro Delou da ciki. A lokacin waya ba ta shiga ƙauye ba, kaset ake yi wa magana a ba alhazai su kawo. Kafin kaset ɗin ya iso hannunsa, yaron har ya fara zama. Ya sa a rediyo, ya ji muryar wansa tana cewa an sami namiji, an yanka rago, an sa masa sunan wani mai unguwa, mutumin da shi Laouali ya yi shekaru ba sa ga maciji da juna. Ba wanda ya yi da mugunta. Uba ba ya nan, sai aka sa abin da ya zo baki. Yaron ya girma ya zama mutumin kirki, amma har yau in uban zai kira shi, sai dai ya ce, "Kai."

'Yarsa ta fari kuwa, Muhibba, ita ma ba ya kiran sunanta, amma wannan kunya ce ta al'ada, irin wadda ake yi wa ɗan fari. "Yarinyar nan" yake ce mata. Ta auri Yacouba, wani saurayi mai sanyin hali, wanda in ya hango surukinsa tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Suka yi shekaru Allah bai kawo haihuwa ba, har mutane suka gaji da tambaya suka koma kallo. Daga baya Yacouba shi ma ya zo Saudiyya, ya sami aikin kiwon raƙuma a wata izba, wato zangon dabbobi a daji, can bayan Muzahimiya inda kwalta ke ƙarewa jan yashi ya fara. Sau ɗaya Laouali ya taɓa zuwa wurin, ran da Ghali ya kai yaron da jakarsa. Da Yacouba ya je hutu gida ya dawo, ya baro abin da aka daɗe ana roƙo. Magana ɗaya ya bar wa matarsa: in an sauka lafiya, a jira suna daga bakinsa.

Wata Asabar a cikin shita, haka Larabawa ke kiran lokacin sanyi, Delou ta bugo waya.

"Malam, an sauka. Mace. Uwa da ɗiya lafiya lau."

Laouali ya yi hamdala, ya tambayi lafiyar awaki, kamar yadda ya kamata kakan fari ya yi. Sa'an nan ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya daɗe bai fito ba.

Aka nemi Yacouba a waya, a kashe. Aka sake nema kashegari, a kashe. Haka har Alhamis. Ran nan Delou ta sake bugowa, muryarta ba daɗi.

"Baffan mijinta ya ce rago ba ya jiran kowa. Jibi da safe in ba a ji daga uban ba, zai raɗa wa liman duk sunan da ya ga dama. Ita kuwa ta ƙi cin abinci. Wai ya ce a jira shi."

A bayan muryar Delou yana jin wata na jan hanci, da kukan jariri siriri kamar na ɗan akuya.

"Ki ce wa yarinyar nan ta ci abinci," in ji Laouali. "Ki ce wa baffan ya wasa wuƙarsa. Suna zai zo."

Ya tsallaka titi wurin Ghali, ya tarar yana loda jakunkuna a mota, maigidansa zai kai iyali bakin teku hutun mako. Ghali ya ji bayani, ya daina wasa.

"Baba, masu tasi ba za su sauka daga kwalta ba. Ka bari sai Lahadi in na dawo, in kai ka har bakin tanti."

"Ran Lahadi an cinye rago an shanya fata."

Ghali ya bi idon tsohon, ya ga inda ya sauka: kan Goɗiya, tana jingine a bango.

"A'a! Baba, ka haura sittin fa. Wannan tafiyar ko mota sai ta ji a jikinta. Ga sanyi. An ce ma akwai ruwa gobe."

"An ce," in ji Laouali. "Ni sai na ga sama nake yarda."

Kashegari Juma'a, ranar hutunsa. Yana sallame Asuba ya shirya. Ya sa riga biyu, ya ɗora ta sanyi a kai, ya naɗa rawani ya rufe kunne da baki, ya zura safar ƙafa a hannuwa. A bayan keke ya ɗaure famfo da kayan faci, gurasa, dabino da gorar ruwa. Ya ƙulle 'yan goro a leda, ya cusa wayarsa tare da su, ya sa ƙullin a aljihun ƙirji. Ya yi bisimilla ya taka.

Wanda bai san Riyad ba yakan zaci wuta ce kullum. Ba haka ba ne. Sanyinta na shita ba ya hayaniya, shiga ƙashi yake a hankali kamar tsinin allura. Titunan da kullum suke gunji, ran Juma'a da sassafe shiru suke, sai fitilun hanya na canja launi ba mai kallo. Ya ratsa unguwanni, ya kama hanyar Dirab, gidaje suka fara ja da baya da juna, suka ƙare. Sai katangun gonaki, kawunan dabino na leƙowa, tumaki sun cure wuri ɗaya tururi na tashi a bayansu. Nan da can ga tantunan mutanen birni da ke fitowa daji shan sanyi, hayaƙin itace na fita a hankali, ƙanshinsa ya tuna masa da safiyar kasuwa, lokacin da masu ƙosai ke hura wuta. Yatsunsa suka mutu, suka farfaɗo, suka sake mutuwa. Ƙafafunsa kuwa suka tuna aikinsu na da. Ba gaggawa, ba tsayawa.

Da hantsi ya iso bakin Tuwaiƙ, dogon dutsen nan da ya yi wa birnin katanga ta yamma. Ƙasa ta buɗe a gabansa, faɗi ba iyaka, hanya ta sulale ƙasa kamar igiyar guga. Ya damƙe birki da yatsun da ba ya ji, ya saki Goɗiya kaɗan kaɗan. Iska ta cika masa riga, hawaye na gudu zuwa kunne. Tsoho mai jika, sai ga shi yana kaɗa ƙararrawa shi kaɗai a gangare, ba kowa a gabansa.

Azahar ta same shi a wani ɗan ƙauyen manoma a ƙasan dutsen. Ya jingine keke, ya yi alwala da ruwa mai yankan fata, ya bi Juma'a. Da aka fito, wani dattijon Balarabe cikin jibgegiyar alkyabba mai gashin tunkiya a ciki ya kama hannunsa, ya zaunar da shi, ya zuba masa gahawa mai zafi. Ya tambaye shi daga ina, zuwa ina. Da ya ji, ya riƙe baki. Sa'an nan ya nuna yamma da sandarsa.

"Ya hajji, dubi can. Ruwa ne. Zauna ka ci abinci, in ya wuce ka tafi."

Laouali ya duba. Yamma ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya juya ya dubi gabas: tas, kamar an wanke tasa. Ya yi murmushi irin na baƙon da ya san abu amma ba ya son kunyata mai masauki.

"Kalas," ya ce da ɗan Larabcinsa na aiki. "Wannan ya wuce."

"Bai wuce ba, zuwa yake!"

"Ya wuce, ya shehu. Na wasu ne."

Ya yi godiya ya haye. Dattijon ya bi shi da kira har ya sha kwana. A nan ya kamata a yi wa Laouali adalci. Ruwa ya sha dukansa a Riyad, amma kullum a tsakanin benaye, inda sama 'yar tsaga ce a bisa kai. Bai taɓa tsayawa a fili ya ga ta inda yake ɓullowa ba.

Bai yi nisa ba iska ta mare shi a fuska. Baƙin da ya ce ya wuce sai ƙara tsawo yake, yana cin sama. Ɗigo na farko ya faɗo masa a hannu, mai nauyi, mai sanyi kamar ƙarfe. Ya sake waiwayar gabas. Har yanzu tas. Sai abin ya faɗo masa a rai gaba ɗaya, ya fashe da dariya har ruwa ya shiga bakinsa. A gida in an ce mutum ya dubi gabas, ana nufin ya yi salla. Nan kuwa shekara da shekaru yamma yake duba, don Makka tana yamma da Riyad. Ɗazun nan a masallaci wannan hadarin ya fuskanta ya yi sujada.

"Ashe ruwa bai sake hanya ba," ya ce wa Goɗiya. "Daga alƙibla yake zuwa, can da nan. Goshina ya juya tuntuni, idona ne ya ƙi juyawa."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ruwan damina na gida ɗumi gare shi, yara har tsalle suke yi a ciki. Wannan kuwa da 'yan ƙanƙara ya zo, yana ratsa riguna kamar babu su. Rawani ya jiƙe ya yi nauyi. Birki ya daina kamawa. Wata mota ta zo ta watsa masa taɓo ta wuce. Ya sunkuyar da kai yana takawa, iska na tura shi baya, kowane taki kamar tuƙa tuwon gidan biki.

Can gaba hanya ta gangara cikin wani kwari, irin wanda ba a yi masa gada ba, kwalta kawai ta bi ta cikinsa don shekara yake yi a bushe. Yau ba a bushe yake ba. Jan ruwa na gudu a kai, ya kai idon sawu, yana hawa. Laouali ɗan bakin gulbi ne, ya san irin wannan ruwa ba ya jiran shawara. Ya sauka, ya saɓa Goɗiya a kafaɗa, ita da ta saba ɗaukarsa, ya shiga. Ruwa ya kai gwiwa yana jansa, tsakuwa na gudu a ƙarƙashin tafinsa. Takalminsa ɗaya ya tafi, ya bar shi. Yana ɗora ƙafa a ƙetare ya ji ruri a bayansa kamar na jirgin ƙasa. Ya waiga. Kwarin ya cika maƙil, kututturen dabino na juyi a tsakiya. Da ya zauna cin abincin dattijon nan, da a wancan gefen zai kwana, shi da labarinsa.

Ya zauna a gindin wata ƙaya, jikinsa na ɓari, cinyarsa ta ɗaure. A nan ne shekarunsa suka zo suka zauna kusa da shi. Ya san abin da ya rage: hanyar yashi, wadda ran da suka zo da Ghali har mota sai da ta kafe. Keke ba ya tafiya a yashi, sai dai a tura shi, kuma mai ƙafa ɗaya ba takalmi ba zai kai ba kafin duhu. Ya taɓa aljihun ƙirji, ya ji ƙullin yana nan. Ya tuna da kaset ɗin nan da muryar wansa. Ya tuna da yaron da yake ce wa "Kai". Ya ci 'yan dabino, ya murza cinyar, ya zare safa daga hannu ya sa a ƙafa, ya miƙe.

Ruwa ya koma yayyafi. Ya kai inda aka binne tsohuwar tayar mota rabi a ƙasa, alamar hanyar izba. Ya sauka daga kwalta yana shirin turawa, sai ya ji ƙasa ta tsaya a ƙarƙashinsa. Ruwan da ya dake shi ya daddaɓe yashin, ya zama kamar daɓen ɗaki. Ya ɗora ƙafa a feda ya gwada. Goɗiya ta tafi sumul. Ya taka, ta ƙara. Jan yashi ya yi duhu ya yi kyau, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, shi kuwa yana ratsa tsakanin tuddai, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya safa, yana barin siririn sawu a bayansa.

La'asar sakaliya ya hango tanti da tankin ruwa, da raƙuma jiƙaƙƙu sun juya wa iska baya. Ya kaɗa ƙararrawa. Yacouba ya fito da bokiti a hannu. Da ya gane mai zuwa, bokitin ya faɗi. Babba ba ya yin irin wannan tafiya da kansa sai da labari ɗaya. Ya tuɓe takalmi a cikin taɓo, ya durƙusa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, wa aka rasa?"

Laouali ya buɗe baki, haƙora suka ƙi ba shi hanya. Abokin kiwon Yacouba, wani Basudane, ya ruga ya kawo bargo, suka shigar da shi tanti, aka hura wuta. Duk wannan Yacouba na durƙushe yana kallon ƙasa, yana jira a faɗa masa.

Laouali ya shirya wa sanyi, ya shirya wa yashi, amma bai shirya wa wannan ba. Ta yaya mutum zai dubi surukinsa ya ce 'yarsa ta fari ta haihu? Sunanta ba ya fita a bakinsa, maganar haihuwa kuma ba ta shiga tsakanin suruki da suruki. Ya dubi wuta. Sai ya tuna akwai ƙofa ɗaya da al'ada ta bar wa kakanni a buɗe, ta wasan jika: jikanya matar kakanta ce.

"Yacouba."

"Na'am, Baba."

"Albishirinka."

Yaron ya ɗago a firgice. Suruki ba ya yi wa suruki albishir. Amma maganar tana da amsa, kuma amsar ta fito da kanta.

"Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari, Baba."

"Na yi amarya."

Yacouba ya dubi tsohon, ya dubi ƙafarsa mai safa, ya dubi keken da ke ɗigar ruwa a ƙofa.

"To... Allah ya sanya alheri, Baba. Allah ya ba da zaman lafiya." Ya sunkuyar da kai. "Inna Delou ta sani?"

"Ita ke yi mata wanka safe da yamma."

"Wanka?"

"Amaryar ba ta da haƙori ko ɗaya. Ba ta girki, ba ta gaisuwa, sai kuka da barci. An ce hancinka ta ɗauko, abin da ya rage mata kyau ke nan. Gobe za a yanka mata rago, har yanzu ba ta da suna."

Laouali ya ga maganar ta isa. Ya ga ta shiga ta kunne, ta sauka ƙirji, ta taso za ta fito ta fuska, yaron ya danne ta da ƙarfin tsiya, don uban fari ba ya murna a gaban mutane, balle a gaban suruki.

"Baba," ya ce, "raƙumar can... ban ba ta ruwa ba."

Ranar da sama ta zubar da ruwan shekara! Ya fita da gudu ya zaga bayan tanki. Abin da ya yi a can raƙuma ne shaida, amma Basudanen ya ce sai da suka firgita.

Yacouba ya dawo idonsa ja, riƙe da kwano a hannu biyu, madarar raƙuma mai ɗumi, kumfa na tashi. Ya durƙusa ya miƙa.

"Babu goro a dajin nan, Baba. Amma fari na ce."

Laouali ya shanye, ya ji ɗumi ya sauka har yatsun ƙafa.

Wayar Yacouba, ashe, raƙumi ne ya taka ta tun makon jiya, mai raƙuman kuma bai leƙo ba. Laouali ya kwance ƙullin leda. Goro lafiya, waya lafiya. Sabis kuwa sai a kan wani tudu bayan izba. Suka hau, tsoho cikin bargo a gaba, yaro a baya. Rana na shirin faɗuwa a nan, a gida kuwa da sauranta. Delou ta ɗauka nan take, aka kira baffa.

Yacouba ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya gai da baffansa yadda ya kamata, har gajiya da sanyi da iyali. Sa'an nan ya ɗan juya wa Laouali baya, ya rage murya.

"A sa mata Hansatu."

Laouali ya ji. Sunan mahaifiyarsa ne, wadda ta rasu yana nan yana wanke motoci, bai sami jana'izarta ba. Ya gyara bargo, ya ce iskar tudun nan tana sa ido ruwa.

Guɗa ta tashi a wayar har tana tsaga kunne. A ƙarƙashin guɗar ya ji muryar yarinyar nan tana cewa a miƙo mata kunun kanwa. Sai Delou ta karɓe.

"Malam, ka ga aiki. Sunan Inna ne, ba ni ba kai, ba mai iya kiransa. Sai an nemi laƙabi. Wai ma yaya ka kai wurinsa? Muryarka kamar wanda ya kwana a rijiya."

"Da Goɗiya. Ruwa ne ya ɗan taɓa ni."

"Ruwa? A sanyin nan? Malam, tsufa ne ko zazzaɓi?"

"Ruwa kuwa, har da ƙanƙara. Marka sosai, tun azahar."

Delou ta yi dariya har da tafi, ta juya tana faɗa wa matan gida.

"Kun ji! Ango ya sha marka a kan hanyar amarya. To, ai ta samu."

Kashegari da sassafe, tun mutanen gida ba su farka ba, Laouali da Yacouba da Basudanen suka fasa goro a bakin tanti, suka yi fatiha. Ya ari takalmin surukinsa ya haye. Ruwan kwari ya janye, ya bar laka da rassan dabino. Ya tsaya a ƙauyen dattijon nan ya ci abincin da ya ƙi jiya, dattijon yana ta nuna shi ga maƙwabta yana cewa ga mai korar hadari. Hawan Tuwaiƙ kuwa da ƙafa ya yi shi yana turawa, kuma ba ya ɓoye wannan in yana ba da labari.

Ran Lahadi Ghali ya dawo ya ji abin da aka yi. Ya tsallako titi, ya zagaya keken, ya taɓa jan taɓon da ya bushe a jikin kaca. Sa'an nan ya cire hula, ya rusuna wa Goɗiya.

"Hajiya, sannu da hanya."

Laouali yana nan a Al-Badi'a, gemu ya yi fari fat. Marka ta yi wayo, takan ƙwace waya ta ce wa kakan, mijinta na wasa, in ba zai kawo mata keke ba ya sake ta. In shita ta zo sama ta ɓata fuska, Ghali yakan leƙo ta tagar mota.

"Baba, ya wuce ko yana zuwa?"

Sai tsohon ya ajiye tsumman wanke mota, ya juya kamar mai shirin tayar da salla, ya dubi sama da kyau, sa'an nan ya ja Goɗiya ya shigar da ita ƙarƙashin matakala.